Na rufe bakin kuskure, yanzu shafin ya koma fari fat: ta ina zan fara?

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Ni ɗalibi ne a Samaru, ina ɗan taɓa aikin gina shafukan intanet da PHP da MySQL. Na yi wa wata makaranta mai zaman kanta a Tudun Wada shafin biyan kuɗin makaranta da duba sakamako. Kwanaki wani uba ya turo wa shugaban makarantar hoton fuskar wayarsa, ga rubutun kuskure da Turanci a saman shafin, har da sunan rumbun bayanai. Abokina ya ce in mayar da error_reporting sifili, in kuma sa alamar @ a gaban duk layin da ke kuka. Na yi, rubutun ya ɓace. To yau mako uku ke nan, wani lokaci shafin fari fat yake fitowa, kuma iyaye huɗu sun ce an cire musu kuɗi amma shafin na cewa ba su biya ba. Ta ina zan fara?

Amsa: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Ƙanena, abokinka ya sa ka sai da kare ka sayi biri. Ba na ganin laifinsa sosai, don shawarar ta daɗe tana yawo a tsakanin masu koyo, ni ma an taɓa ba ni ita kuma na bi. Amma ka san masu gyaran wutar nan da idan fis ya dame su da ƙonewa sai su ɗaure shi da waya mai kauri? Fis ɗin zai daina ƙonewa, ba ƙarya. Abin da ke ƙona shi kuwa yana nan cikin bango yana gasa waya. Abin da ka yi wa shafin makarantar nan ke nan.

Duk kuskuren da ya auku a sabar, mutum biyu ne ke jiran labarinsa, kuma ba labari ɗaya suke buƙata ba. Uban da ke tsaye a bakin shagon mai POS a Ƙofar Doka so yake ya san abu ɗaya: kuɗina sun shiga ko ba su shiga ba, in sake biya ko in jira? Sunan fayil da lambar layi ba su da amfani a wurinsa. Kai kuma su kake nema, har da lokacin da abin ya faru da hanyar da shirin ya biyo kafin ya faɗi. Da farko ka ɗauki labarin da ya kamata ya zo maka ka miƙa wa uban. Da aka yi maka faɗa sai ka hana kowa ji, har kai kanka. Gyaran shi ne kowa ya samu nasa.

PHP ta riga ta raba maka aikin, sai dai sunayen saitunan suna ruɗa mai koyo. Shi error_reporting shi ke yanke wane kuskure ne za a kula da shi tun asali. display_errors shi ke cewa a buga shi a shafin da mutane ke gani ko kar a buga. log_errors kuma shi ke cewa a rubuta shi a kundi, wato fayil ɗin da ke tara kurakurai a sabar. Wanda ya kamata ka kashe shi ne na biyun. Kai kuma na farkon ka kashe, wanda shi ne bakin rijiyar: da ka mayar da shi sifili, ba shafi kaɗai ya daina nuna kuskure ba, kundin ma ya daina samu. Shi ya sa yau ko ka je neman abin da ya faru da kuɗin iyayen nan huɗu ba za ka tarar da komai a rubuce ba. A sabar da mutane ke amfani da ita, ga abin da ya kamata ya kasance:

error_reporting = E_ALL
display_errors = Off
log_errors = On
error_log = /home/sunanka/logs/php.log

A laftof ɗinka, inda kai kaɗai ne ke gani, ka bar display_errors a kunne, ka sha kallon kurakuranka. PHP da kanta tana zuwa da samfurin fayil biyu, php.ini-development da php.ini-production, kuma babban abin da ya raba su ke nan. Idan hayar sabar kake yi irin mai cPanel (shafin sarrafa sabar da masu hayar ke ba ka), wadda yawancin yaranmu ke farawa da ita, ba za a ba ka babban php.ini ba, amma akwai wurin gyara saitunan PHP a cikin cPanel ɗin, ko ka ajiye ƙaramin fayil mai suna .user.ini a foldar shafin. Na fi son a yi saitin a can, ba da ini_set a saman shirin ba, saboda dalili ɗaya: idan ka manta waƙafi mai ɗigo a wani layi na fayil, PHP ba za ta ma fara gudanar da fayil ɗin ba, balle ta iso layin da ka rubuta saitin. Irin wannan kuskuren na rubutu umarnin php -l da sunan fayil yana kama shi kafin ka ɗora.

Ka lura da inda na ajiye kundin: a wajen public_html, foldar da jama'a ke iya buɗe abin da ke cikinta ta burauza. Yawancin sabar haya suna jefa fayil mai suna error_log a cikin foldar da shirin yake. Wasu masu hayar sun toshe shi, wasu ba su toshe ba. Ka gwada da kanka, ka rubuta adireshin shafin a burauza ka ƙara error_log a ƙarshe. Idan ya buɗe maka, to ya buɗe wa duniya.

Kada ka ɗauka kunya ce kawai ta sa ake ɓoye rubutun nan ga jama'a. Saƙon kuskure yakan faɗi cikakkiyar hanyar foldarka a sabar, wadda a cPanel take ɗauke da sunan da kake shiga da shi. Yakan faɗi sunan rumbun bayanai da sunan mai shigarsa, wani lokaci har da guntun umarnin SQL, yaren da ake magana da rumbun da shi, wanda ya faɗi. A tsofaffin PHP, idan haɗuwa da rumbun ta gaza kuma aka buga jerin matakan da shirin ya biyo, kalmar sirrin rumbun kanta tana iya fitowa a ciki, sai a PHP 8.2 aka kawo hanyar yi wa irin waɗannan alama don a sakaya su. Masu kutse da gangan suke cusa wa fom shara don su ga me zai amayar. Manya ma sun taɓa cin wannan tuwon. A 2015 an kutsa kamfanin Patreon na Amurka ta wata sabar gwaji da aka bari a fili da na'urar binciken kuskure a kunne. A 2021 kuma an bayyana wata ɓaraka a Ignition, shafin nuna kuskure na Laravel (wani tsarin gina shafuka da PHP), wadda ke ba baƙo damar gudanar da umarninsa a sabar muddin an bar saitin nuna kuskure, APP_DEBUG, a kunne. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Mai amfani da Django, wani tsarin gina shafuka, shi ma yana da DEBUG nasa, mai WordPress yana da WP_DEBUG da WP_DEBUG_DISPLAY, duk kanwar ja ce.

Farin shafin da kake gani ba wani sabon ciwo ba ne. Shirin ne ya gamu da kuskuren da ba zai iya wucewa ba, ya mutu kafin ya buga komai, kai kuma ka hana shi faɗin dalili. Ita alamar @ ka bi fayilolinka ka tsince ta duk. Tun daga PHP 8.0, wadda ta fito a Nuwamban 2020, ba ta ma iya rufe kurakurai masu kashe shiri, sai ƙananan gargaɗi, waɗanda su ne ke fara nuna maka inda ruwa ke yoyo.

Yanzu maganar kuɗin iyaye, wadda ita ce ta fi damuna. Ban ga shirinka ba, amma ina da zato, kuma ga inda na samo shi. Shekarun baya na yi wa wata ƙungiya a Sabon Gari shafin rajistar mambobi. Ana ta rajista lafiya, sai ƙorafi ya fara zuwa jefi-jefi: wane ya cika fom, an ce masa an yi nasara, amma babu sunansa. Na zargi netwok, na zargi masu hayar sabar, har na zargi sakataren da goge sunayen waɗanda ba sa shiri, Allah ya yafe mini. Sai da na kunna kundi na bar shi kwana biyu, na zauna na jera waɗanda abin ya shafa: Sa'adatu, Rabi'u, Shu'aibu, Isma'il, Mu'azu. Ka gane? Duk sunan da ke da alamar hamza. Ni kuwa ina manna sunan kai tsaye a cikin umarnin SQL, alamar tana rufe zancen tun bai ƙare ba, MySQL ta ƙi karɓa. Darussan da muka koya da su da John da Mary suke misali, ba wanda ya gaya mana cewa a garinmu kusan kowane gida akwai mai irin wannan sunan. Ka je ka duba sunayen yaran nan huɗu da na iyayensu. Idan zatona ya yi daidai, maganin shi ne umarnin da ake shiryawa tukuna sannan a miƙa masa bayanan daban, wato prepare da execute a PDO ko mysqli, hanyoyi biyun da PHP ke bi ta isa rumbun, kuma ka yi shi a ko'ina, domin ƙofar da hamzar Sa'adatu ta bi ta karya maka umarni, ita ce dai ƙofar da ɓarawo zai bi ya kwashe rumbun gaba ɗaya. Ɗan'uwan wannan ciwon shi ne haruffanmu masu lanƙwasa, ƙ da ɗ da ɓ. Idan teburin rumbun yana kan latin1, tsarin ajiye haruffa da bai san su ba, ko dai su koma alamar tambaya ko MySQL ta ƙi rubutun. Ka mayar da teburin da hanyar haɗuwar duka utf8mb4.

Za ka tambaya, me ya sa shirin ƙungiyar nan ya ce an yi nasara alhali rubutun bai shiga ba? Saboda a da, idan umarni ya faɗi, mysqli da PDO ba sa ɗaga murya. Sai dai su mayar maka da false su yi gum, in ba ka duba ba shiri ya wuce layi na gaba ya buga wa mutum barka. An sauya wannan halin: PDO ta fara jefa kuskure da kanta daga PHP 8.0, mysqli kuma daga 8.1 a ƙarshen 2021. Wannan ma zai iya bayyana maka abu biyun da kake gani. A tsohuwar PHP umarnin zai faɗi shiru. A sabuwa zai jefa kuskure, babu mai cafkewa, shiri ya mutu, shafi ya yi fari. Masu hayar sabar kuma sukan ɗaga PHP ba tare da ka lura da imel ɗinsu ba. Ka duba wace kake kai. Ko wace ce, ka rubuta a shirinka ƙarara cewa kana son rumbun ya riƙa jefa kuskure, kada ka dogara da halin da ka tarar.

Ni a ganina wannan sauyin alheri ne, ko da ya karya tsofaffin shafuka da yawa. Da muguwar rawa gara ƙin tashi. Shirin da ya tsaya ya ce na kasa, za ka gyara shi yau. Wanda ya ci gaba da tafiya da rabin aiki, sai ƙarshen zango za ka sani, lokacin da akawun makaranta ya zo da littafinsa lissafi ya ƙi haɗuwa. Don haka duk aikin da ke da matakai masu tafiya tare, kamar rubuta biyan kuɗi, rage bashin ɗalibi, da fitar da lambar rasit, ka ɗaure su a dunƙule da beginTransaction. In duk sun yi, commit. In ɗaya ya faɗi, rollBack, komai ya koma yadda yake. Ka tabbata teburanka irin InnoDB ne, don wani irin teburin MySQL mai suna MyISAM ba ta san wannan ba, za ta karɓi umarnin ta yi kamar ta ji.

Sai batun try da catch, wato gwada aiki da cafke kuskuren da ya jefa, inda masu koyo ke yin kuskure na biyu bayan sun bar na farko. Da zarar yaro ya gano su sai ya naɗe kowane layi da su, ya bar cikin catch ɗin wayam. Wannan alamar @ ce ta sake riga. Ƙa'idar da nake bi: ba na cafke kuskure sai a inda nake da abin yi a kansa. Idan saƙon tes na sanar da uba ya ƙi tafiya, zan cafke, in rubuta a kundi, in ci gaba, domin rashin tes bai isa ya hana rasit fita ba. Idan lambar biyan kuɗi ta riga ta shiga rumbun, zan cafke, in nuna masa tsohon rasit ɗinsa. Amma idan rumbun bayanan ne ya ƙi amsawa gaba ɗaya, me zan yi a tsakiyar fayil ɗin duba sakamako? Babu. Sai in bar kuskuren ya haura sama, inda na ajiye mai gadi guda ɗaya.

Mai gadin nan ƙaramin fayil ne da kowane shafi ke fara kira. A cikinsa set_exception_handler yana karɓar duk abin da aka jefa ba a cafke ba. Ka sa shi ya karɓi Throwable, wanda ya haɗa duk abin da ake jefawa, ba jinsin Exception kaɗai ba, domin tun PHP 7 ta Disamban 2015 akwai wani jinsi mai suna Error, irin kiran aikin da babu shi ko miƙa rubutu inda ake jiran lamba, kuma tarkon Exception ba ya kama shi. Sannan set_error_handler yana karɓar gargaɗi, kana iya mayar da su ErrorException su ma su bi hanya ɗaya. A shafin da ya riga ya tsufa kamar naka, kada ka yi gaggawar wannan mayarwar, ka fara tara gargaɗin a kundi kana share su, in ba haka ba kowane ɗan tari zai kashe shafi. Akwai kuma mutuwar da duk waɗannan ba sa gani: cikar ƙwaƙwalwa da ƙarewar lokaci. A saitin asali PHP tana ba shiri megabayit 128 da daƙiƙa 30. Ranar da shugaban makaranta zai danna a fitar masa da takardar sakamakon kowane ɗalibi a PDF guda, ranar za ka haɗu da su. Su sai register_shutdown_function, wanda ke gudana a ƙarshen komai, a ciki ka tambayi error_get_last ko mutuwar ta Allah da Annabi ce ko kisa ne, ka rubuta. Aikin mai gadin nan kada ya wuce uku: ya rubuta a kundi, ya saita lambar amsa, ya nuna shafin ban haƙuri. Kada shafin ban haƙurin ya nemi komai a rumbun bayanai, don wataƙila rumbun ne ya faɗi.

Dabarar da ta fi kowace rage mini wahala ba ta kai layi biyar ba. Duk lokacin da mai gadi ya karɓi kuskure, sai ya ƙirƙiri gajeriyar lamba, haruffa shida ko takwas, ya rubuta ta a kundi tare da cikakken bayani, ya kuma nuna ta a shafin. Mutanenmu ba sa rubuto bayanin matsala, hoton fuskar waya suke turowa ta WhatsApp, ko su ce abin nan naku ba ya yi. To hoton ya zo da lambar. Ka neme ta a kundi da grep, umarnin neman rubutu a cikin fayil, cikin minti ɗaya kana kan layin. Ka guji haruffan da ke kama da juna, sifili da O, ɗaya da l, saboda wani a waya zai karanto maka, yana kan babur a Kwangila.

Rubutun shafin kuma ka yi shi da Hausa da Turanci, tunda iyayen Tudun Wada ne. Wani abu kamar: an samu matsala daga wajenmu, ba daga wajenka ba. Idan an riga an cire maka kuɗi kada ka sake biya, ka nuna wa ofishin makaranta wannan lambar. Jimlar nan ta kada ka sake biya ita ce mafi tsada a shafin gaba ɗaya. Uban da ya ga farin shafi zai koma baya ya sake dannawa, kuma mayar masa da kuɗin da aka cire sau biyu ya fi gyaran shirin cin rai.

Ka kuma bambanta kuskuren sabar da kuskuren mai amfani. Wanda ya rubuta lambar waya mai lamba goma maimakon goma sha ɗaya bai karya komai ba. Ka mayar masa da fom ɗinsa da abin da ya riga ya cika, ka nuna masa gurbin da ja. Wannan ba ya buƙatar shiga kundin kurakurai. Wurin shiga da kalmar sirri ne kaɗai ake rage bayani da gangan: ka ce suna ko kalmar sirri ba daidai ba, kada ka faɗi wanne.

Lambar amsa da na ambata ba ado ba ce. Kowace amsa ta sabar tana tafe da lamba: 200 lafiya lau, 404 babu abin da ka nema, 403 ba a yarda maka ba, 500 sabar ta yi tuntuɓe, 503 ana gyara a dawo anjima. Mutum ba ya ganinta, na'ura kuwa ita kaɗai take karantawa. Ga inda ta shafi kuɗinka. Kamfanonin karɓar kuɗi ta intanet, bayan an biya, sukan aiko wa sabarka da sanarwa ta bayan fage, ba ta wayar uban ba. Idan ka amsa da 200, sun ɗauka ka karɓa, sun rufe littafi. Idan ka amsa da 500, yawancinsu za su sake aikowa daga baya. Shirin da ya kasa rubuta biyan a rumbun amma ya amsa da 200 ya jefar da damarsa ta biyu da hannunsa. Wani abin haushi ma, idan display_errors na kunne, PHP takan buga mummunan kuskure ta kuma tura 200. Don haka ka saita lambar da kanka da http_response_code. Tunda kuma sanarwa ɗaya na iya zuwa sau biyu, ka sa wa gurbin lambar biyan kuɗi sharaɗin UNIQUE a rumbun, yadda ko sau goma ta zo sau ɗaya za a lissafa. Kada kuma ka dogara da dawowar burauzar uban kaɗai don tabbatar da biya. Data na ƙarewa, caji na mutuwa, netwok na ɗaukewa daidai lokacin da ake juyo shi zuwa shafinka.

Idan kai ne ke kiran wata sabar, ka sa wa kiran iyakar lokaci. A saitin asali cURL, wadda PHP ke kiran wata sabar da ita, ba ta da iyakar jiran amsa, kuma a Linux daƙiƙa 30 ɗin nan ta PHP ba ta ƙirga lokacin da aka ɓata ana jiran waje. Sai shafi ya yi ta juyawa har Nginx, manhajar da ke karɓar baƙi a bakin sabar, ta gaji da jira ta buga 504. Ita 504 da 'yar'uwarta 502, in ka gan su, ba lallai ka tarar da komai a kundin PHP ba, sai ka leƙa na Nginx ko na PHP-FPM, mai gudanar da PHP a bayanta.

Me za a rubuta a kundin? Lokaci, adireshin da aka nema, lambar mai amfani a rumbunka, lambar biyan kuɗi in akwai, saƙon kuskuren, fayil da layi, da jerin matakan da aka biyo. Ka saita agogon PHP a Africa/Lagos. Sabar da yawa suna kan UTC, awa ɗaya a bayanmu, uba zai ce da ƙarfe tara ya biya kai kana laluben tara alhali abin yana ƙarƙashin takwas. Abin da ba a rubutawa kuma: kalmar sirri, lambar katin banki, BVN, NIN. Kada ka yi kasalar juye duk abin da fom ya aiko cikin kundi, don nan suke shigewa. Bayanan yara ne da na iyayensu a hannunka, kuma tun Yunin 2023 Najeriya tana da dokar kare bayanan jama'a, wadda ta wajabta sanar da hukumar da ke kula da hakan cikin awa 72 idan bayanai suka fita ta hanyar da za ta iya cutar da masu su. Ba na so sunanka ya fito a irin wannan takardar tun kana ɗalibi.

In aikin ya girma ka ɗauko Monolog, kayan aikin rubuta kundi, shi Laravel ke amfani da shi. Yana raba saƙonni hawa takwas, daga debug har emergency, sai ka ce ƙanana su tafi fayil, manya su zo wayarka. A nan ma akwai rami. Na taɓa sa kowane kuskure ya turo mini imel, rumbun ya faɗi da tsakar dare, na tashi sallar asuba na tarar da ɗaruruwan saƙo iri ɗaya, masu hayar sabar kuma sun dakatar da imel ɗin shafin gaba ɗaya, har da na rasit. Ka sa iyaka: kuskure iri ɗaya, saƙo ɗaya a cikin rabin awa. Ka kuma tuna sabar da ta mutu ba ta iya aiko da sanarwar rasuwarta, sai wani na waje ya leƙa. Akwai masu wannan hidimar irin UptimeRobot, suna taɓa shafinka duk bayan 'yan mintuna su sanar da kai in bai amsa ba. Shi kundin ma yana ƙiba. A sabar kanka wata manhaja mai suna logrotate na yanka shi, a ta haya kuwa kai za ka riƙa leƙawa, don na ga shafin da kundin kurakuransa ya cinye wurin ajiyar da aka saya har aka kasa ɗora hoton ɗalibi.

Ranar farko da ka kunna E_ALL, wato a kula da kowane kuskure, za ka tsorata, kundin zai cika da gargaɗi. Kada ka karanta shi layi-layi. Ka tara masu kama da juna, za ka ga yawancinsu daga wuri biyar ko shida suke fitowa. Fara da masu kashe shiri, sai na rumbun bayanai, sauran ka bi su a hankali. Bayan ka kafa mai gadin, ka gwada shi da gangan a laftof ɗinka: ɓata kalmar sirrin rumbun, raba lamba da sifili, yi rajistar ɗalibi mai suna Sa'adatu Ɗanladi, ka ga me shafi ya nuna, me kundi ya rubuta.

Su kuma makonni ukun nan da kundi bai rubuta komai ba, shaidarsu tana wurin kamfanin da ke karɓar kuɗin. Ka shiga asusun makarantar a can, ka sauke jerin duk biyan da ya yi nasara tun daga ranar da ka sa sifilin, ka gwada shi da teburinka lamba bayan lamba. Huɗu ne suka yi magana, ina kyautata zaton za ka samu fiye da haka, domin wasu sai ranar da aka koro yaro daga aji za su sani. Ka kai wa shugaban makarantar jerin da hannunka kafin ranar, ka gaya masa abin da ya faru da abin da ka gyara, a shigar da biyan nasu a buga musu rasit. In ka samu kundin kwana biyun farko, ka cire sunayen mutane ka kawo mini layuka ashirin na sama mu duba tare.